Na'urar Karanta Littattafai: Kyautar Da Ta Dace Da Sojan Da Aka Tura Aiki Ƙasar Waje

Idan aka ce za a tura soja aiki wata ƙasa, abin da 'yan gida suka saba haɗa masa sananne ne: kilishi, dambun nama, yaji, ƙuli-ƙuli, sai addu'ar iyaye. Ƙannensa masu riƙe da waya kuwa hankalinsu kan tafi wajen fawa banki da sabuwar caja. A gari irin Fammar da ke ƙaramar hukumar Kibiya, kusa da Rano a kudancin Kano, da wuya wani ya kawo maganar na'urar karanta littattafai, domin ba ta shiga kasuwa kamar waya ba. Alhali ga wanda zai yi watanni a sansani, inda wuta da sabis ba su da tabbas, wannan 'yar na'ura tana yin aikin da waya mai tsada ba za ta iya ba.

Tafiyar soja ƙasar waje ba sabon abu ba ne

Tun a yaƙin duniya na biyu 'yan Arewa suka yi yaƙi a ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar, a cikin runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma, kuma Hausa ce harshen da sojoji suka fi fahimtar juna da shi. Barikin Chindit da ke Zariya yana ɗauke da sunan wata rundunar wancan yaƙi. Bukavu, sunan barikin Kano, birni ne a gabashin Kwango, ƙasar da sojojin Najeriya suka je aikin kiyaye zaman lafiya a 1960. Daga baya aka je Laberiya a 1990 ƙarƙashin ECOMOG, aka je Saliyo, da Darfur a Sudan, da Mali a 2013, da Gambiya a 2017. Ga kuma rundunar haɗin gwiwa ta yankin Tafkin Chadi mai hedikwata a Ndjamena.

Abin da fina-finai ba sa nunawa shi ne yawancin lokacin soja a irin waɗannan wurare jira ne. Ya sauka daga gadi, ba gari zai shiga ba, ba iyali a kusa, sai tunanin gida. Wannan zaman shirun ne ake nema wa magani.

Mece ce na'urar, kuma yaya take aiki?

Na'urar karanta littattafai, wadda Turawa ke kira e-reader, ta yi kama da ƙaramar tablet, amma aikinta ɗaya ne: nuna rubutu. Waɗanda suka fi shahara su ne Kindle ta kamfanin Amazon, wadda ta fara fitowa a watan Nuwamban 2007, da Kobo da ta biyo baya a 2010.

Sirrinta yana cikin fuskarta. Fuskar waya fitila ce da ke haskawa cikin ido, kuma muddin tana kunne tana shan batir. Ita kuwa na'urar karatu tana amfani da fasahar E Ink, wadda ta samo asali daga binciken jami'ar MIT a Amurka. A ƙarƙashin gilashin akwai miliyoyin ƙananan ƙwanso, kowanne ɗauke da ƙwayoyin fari da na baƙi. Idan aka juya shafi, ɗan lantarki kaɗan zai turo baƙaƙen sama a inda harafi yake, fararen su taso a sauran wurin. Da zarar sun zauna, shi ke nan, ba sa buƙatar wuta su ci gaba da zama. Kamar allon almajiri ne: ana wahala wajen rubutu da wankewa, amma rubutun da ke jikin allo ba ya cin komai.

Wannan ne ya sa cajinta ke daɗewa. Amazon ya ce ƙaramar Kindle kan kai mako 6, sabuwar Paperwhite kuma mako 12, idan ana karatun rabin awa kullum kuma an kashe Wi-Fi. Mai karatu da yawa ba zai kai haka ba, amma duk da haka lissafin na makonni ne. Duk wanda ya saba kai waya shagon mai caji a ƙauye ya biya kuɗi, gobe ya sake komawa, ya san darajar wannan. Sannan a tsakar rana, inda fuskar waya ke dushewa, rubutun E Ink ƙara fitowa yake kamar na takarda. Nauyin ƙaramar Kindle giram 158 ne, ma'ajiyarta gigabait 16, littafi mai rubutu zalla kuwa sau da yawa bai wuce megabait ɗaya ko biyu ba. Dubban littattafai ke nan a aljihun wando.

Me ya sa ba za a bar shi da wayarsa ba?

Tambayar da matashi zai fara yi ke nan, tunda a waya ma ana karanta littafi. Amsar ta shafi rai.

Waya tana magana da turakun sadarwa ko da ba a kira kowa ba, tana da GPS, tana da kyamara, ga manhajoji masu tattara bayanin inda mutum yake. A watan Janairun 2018, wani ɗalibi ɗan Ostireliya, Nathan Ruser, ya lura cewa taswirar da manhajar motsa jiki ta Strava ta wallafa tana nuna zanen sansanonin soja a Siriya da Afganistan, saboda sojoji suna gudun motsa jiki da na'urorinsu a kunne. A watan Agustan shekarar, ma'aikatar tsaron Amurka ta hana sojojin da ke fagen aiki kunna manhajojin da ke nuna wuri. A daren shiga shekarar 2023 kuma, rokoki suka faɗa wa wani ginin da sojojin Rasha ke ciki a garin Makiivka na gabashin Yukren. Ma'aikatar tsaron Rasha ta amsa mutuwar sojoji 89, ta kuma ɗora laifin a kan amfani da wayoyin hannu.

Ko a gida Najeriya an ga yadda sabis ke iya ɗaukewa saboda tsaro: an rufe layukan waya a Borno da Yobe da Adamawa a 2013, an rufe a Zamfara a watan Satumban 2021. Wayar da duk nishaɗinta ke kan intanet, ranar da sabis ya tafi ta zama tocila.

Kindle da Kobo na yau ba su da kyamara, ba su da GPS. Suna da Wi-Fi, amma idan aka danna alamar jirgin sama komai ya mutu, littattafan kuma suna nan. Ƙarancin abin da na'urar ke iya yi shi ne ya sa ta dace da sansani.

Waɗanda suka riga suka gwada

Amurka ta daɗe da gane cewa littafi kayan aikin soja ne. Tsakanin 1943 da 1947 ta buga ƙananan littattafai sama da miliyan 120, masu suna Armed Services Editions, an yanka su daidai aljihun kaki, aka raba wa sojoji kyauta. Tun 1999 kuma ƙungiyar sa-kai ta Operation Paperback take tara littattafan da aka gama karantawa tana aika wa sojojin da ke ƙetare.

A 2014 rundunar ruwan Amurka ta fito da tata na'urar mai suna NeRD, wadda kamfanin Findaway World ya ƙera domin jiragen yaƙi masu nutso ƙarƙashin teku. An zuba mata littattafai 300 tun daga masana'anta. Ba Wi-Fi, ba kyamara, ba wurin sa memori, ba a ƙara littafi, ba a gogewa. Da gangan aka datse mata fukafukai, don kada ta zama ƙofar satar sirri.

A Afirka, ƙungiyar Worldreader ta fara raba Kindle a makarantun Gana a 2010. Ba sojoji ta bai wa ba, amma darasin ya shafe su: fashewar fuska na daga cikin manyan matsalolin da aka fuskanta. Gilashin E Ink siriri ne, idan aka zauna a kai ko aka danne shi cikin jaka, ya tafi ke nan.

Inda gizo ke saƙar: ina littafin Hausa?

Sayen na'ura shi ne mai sauƙi. Ƙaramar Kindle ta 2024 kusan dala 110 ce a Amurka, ta hannu kuma ba ta kai haka ba. Wahalar tana wajen abin da za a zuba a ciki. Shagunan Amazon da Kobo cike suke da Turanci, littafin Hausa ɗan kaɗan ne. Sojan da ya tashi a Fammar yana sauraron labarai da Hausa, idan aka miƙa masa na'ura cike da tsofaffin littattafan Ingila, a ƙasan jaka za ta ƙare.

Littattafan Hausa na zamani sun fi yawo a WhatsApp da Wattpad da manhajar ArewaBooks, galibinsu suna buƙatar waya da data. OkadaBooks, inda marubutan Hausa da yawa suke sayar da littattafansu, ta rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Wannan ya nuna cewa littafin da ke zaune a manhajar wani kamfani aro ne. Wanda ke cikin ma'ajiyar na'ura shi ne a hannu.

Sai matsalar nau'in fayil. PDF hoton shafi ne da ba ya canzawa, a fuska mai inci 6 rubutun kan yi ƙanana har ido ya gaji. EPUB kuwa yana bin girman fuska, ana iya ƙara girman harafi yadda ake so. Kobo tana buɗe EPUB kai tsaye. Kindle ba ta buɗe shi idan ta kebul aka tura, sai an juya shi zuwa AZW3 da manhajar Calibre, wadda kyauta ce a kwamfuta, ko a tura ta hanyar Send to Kindle mai buƙatar intanet. Tun watan Fabrairun 2025 ma Amazon ya cire damar sauke littafin da aka saya zuwa kwamfuta don turawa ta kebul. Ma'ana, duk abin da za a saya a shagonsa sai an sauke shi cikin na'urar tun ana gida.

Akwai kuma haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Idan salon rubutun da aka zaɓa ba shi da su, sai su fito a karkace ko su zama ɗan akwati. Maganin shi ne a jona na'urar da kwamfuta, a zuba salon rubutu irin Charis SIL ko Andika ko Noto a cikin folda mai suna fonts. Duka kyauta ne, kuma Kindle da Kobo suna karɓa.

Yadda ake shirya ta kafin a bayar

A ce matasan wata unguwa a Fammar sun yi karo-karo sun sayi na'ura ɗaya domin ɗan'uwansu. Ga abin da ya kamata su bi:

1. Idan ta hannu ce, a tabbatar mai ita ya cire asusunsa, sannan a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani.
2. A sabunta manhajarta. A 2021 masu bincike na Check Point sun nuna cewa gurɓataccen littafi zai iya ƙwace Kindle, Amazon ya toshe ɓarakar a sabuntawa. Don haka kada a zuba fayil daga inda ba a sani ba.
3. A tambayi mai tafiyar abin da yake so. Wani tarjamar Alƙur'ani ta Sheikh Abubakar Mahmud Gumi zai nema, wani Littafi Mai Tsarki na Hausa, wani labaran soyayya ko tarihi. Mai son ƙaro ilimi, jami'ar NOUN tana sa littattafan darussanta a shafinta kyauta. Mai son Turanci, Project Gutenberg na da littattafai sama da 70,000 da haƙƙin mallakarsu ya ƙare.
4. A biya marubuta haƙƙinsu. Yawancin marubutan Hausa na intanet suna sa lambar da ake tuntuɓarsu. A nemi izini, a biya, a karɓi fayil. Littattafai irin Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ma suna da masu haƙƙi, yawonsu a WhatsApp bai mayar da su na kowa ba.
5. A buɗe kowane littafi a gani da ido, domin a sansani babu mai gyara.
6. A sa mata riga mai tauri mai murfi, a haɗa da kebul. Amazon ya ƙayyade zafin aikin Kindle zuwa digiri 35, yankin Sahel kuwa yakan haura 40 a bazara, don haka kada a bar ta a rana ko cikin mota a rufe.

Ta wace hanya za ta isa?

Aikin soja yana da doka, kuma kwamanda ne ke da ta cewa a kan na'urar da za ta shiga sansani. Kafin a kashe kuɗi, mai tafiyar ya tambayi na gaba da shi. Aikawa daga baya ma tana da wahala, saboda gidajen waya da jiragen sama suna da ƙa'idoji a kan batirin litiyam. Mafi sauƙi a miƙa masa hannu da hannu kafin ya tashi. Rundunonin da za su tafi kiyaye zaman lafiya sukan yi horon share fage a cibiyar Martin Luther Agwai da ke Jaji a jihar Kaduna, wannan lokacin ne ya fi dacewa a gama shiri. Masu son bayar da na'urori da yawa kuwa, sai su bi ta hukumar bariki ko ƙungiyar matan hafsoshi ta NAOWA, maimakon aika wa mutanen da ba su sani ba.

Akwai wani ɗan ƙari da duk matashi mai kwamfuta zai iya yi. A zauna da Inna da Baba da ƙanne, a rubuta saƙon kowa da labarin gida: yadda damina ta yi, wa ya yi aure, wa aka haifa. A juya shi da Calibre ya zama ƙaramin littafi, a sa masa sunan gidan, a ajiye shi a sahun farko. Ranar da sabis ya ɗauke a sansani, ba ya buƙatar data kafin ya buɗe shi.