Ƙarfin Bargo Yana Wurin Haɗi

Idan hunturu ya sauka bakin tafkin Madarunfa, kudu da Maraɗi, tsakanin Disamba da Janairu, har masunta sai sun yi ta maza kafin su shiga ruwa da asuba. Baƙi sun san garin ne da tafkinsa da kaburburan waliyyai 99, waɗanda Nijar ta sa a jerin wuraren tarihin da ta gabatar wa UNESCO a 2006. Amma a cikin gida, abin da ya dami uwa a wannan lokaci shi ne abin da za ta rufa wa jinjiri. Nan ne kwarashi da zaren ulu ke fitowa daga ƙasan adaka: a saƙa hula, a saƙa safa, a saƙa rigar sanyi, mai haƙuri kuma ta ɗauko bargon da ake yi falle-falle sannan a haɗa.

Kowane falle mai kusurwa huɗu ne, daga cibiya ake fara shi. A yi 'yar sarƙa a mayar da ita zobe, a riƙa kewaya shi da dogayen saƙa uku-uku, a kowace kusurwa a ninka su don fallen ya buɗe. Zagaye huɗu ko biyar, ya kai tafin hannu. Turawa na ce masa murabba'in kaka, don tsofaffin matansu da shi suke raya guntayen zaren da suka rage. An buga fasalinsa a wata jaridar manoma ta Amurka a 1885, ya kuma yi tashe sosai a shekarun 1970. Ita kanta kalmar kwarashi daga Faransanci ta samo asali, ma'anarta ƙaramar ƙugiya.

Ƙugiyar ce baƙuwa, dabarar kuwa ta gida ce. Masaƙin Hausa bai taɓa sauko da gwado ko luru sukutum daga masaƙa ba. Siririn zugu yake saƙawa, ƙoshiya na kai da komo, kunkuru na jan zare daga nesa, sannan a yanka daidai tsawo, a jera, a ɗinke gefe da gefe. A Kura ta ƙasar Kano, siraran da ake haɗa turkuɗin Buzaye da su faɗinsu bai wuce yatsa ba. Haka ake yin tera-tera na Zabarmawa, haka kente na Gana. Tufafin Kano da Heinrich Barth ya yaba a 1851, bayan ya ratso ta Tasawa da Gazawa da Katsina, duk 'ya'yan wannan haɗi ne. Ke nan mai kwarashi da ta baje fallayenta a tabarma, gadon gida take juyawa.

Kuma darasin iri ɗaya ne: saƙa kowa na iya koya a mako guda, haɗi shi ke nuna gwana. Aikin farko ƙirga ne. In gefen wannan falle na da idon saƙa 15, na wancan 17, bargon zai tattare kamar fatar da ta sha rana, ko da an ja an matsa. In ƙirga ta yi daidai, sai a jiƙa fallayen, a miƙe su a kan zane, a kafe kusurwoyi da fil har su bushe su zo daidai. Zaren ulun kasuwa galibi na roba ne. Tururi yake so daga nesa, in dutsen guga ya taɓa shi ya narke ke nan. Kada kuma a haɗa fallen auduga da na roba a bargo ɗaya, don wankin farko ɗaya zai tsuke ya bar ɗan'uwansa.

Sai jeri. A shimfiɗa su duka, a ja da baya a duba, kada ja ya taru a gefe guda ya bar shuɗi can. Hanyoyin haɗin uku ne aka fi sani. Akwai ɗinkin allura mai dakusasshen baki, a haɗa fallaye biyu fuska da fuska, a riƙa ɗaukar ido ɗaya nan ɗaya can. Wannan yakan kwanta luf, shi ya fi dacewa da fatar jariri. Akwai haɗin kwarashi, mai barin ɗan tudu kamar kunyar gona, ya fi ƙarko kuma ado ne a kansa. Na uku shi ne a riƙa sarƙafa falle da maƙwabcinsa tun ana zagayen ƙarshe, in aka gama saƙa an gama haɗi. A hanyoyi biyun farko, a fara kammala layukan tsaye kafin na kwance, kuma ko wacce aka bi, a kula da mahaɗar kusurwa huɗu. Nan ɓaraka ke soma, nan yatsan yaro ke samun ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bakin zare ma ba a guntule shi a gindin ƙulli. A cusa shi cikin saƙa da allura, tsawon yatsa, ya ɓace.

Wannan fasali yana da wata albarka: aiki ne da ke rabuwa. A Afirka ta Kudu, ƙungiyar Knit-a-Square da aka kafa a 2008 tana karɓar fallaye masu santimita 20 daga ƙasashe daban-daban, mata masu aikin sa-kai su haɗa 35 su zama bargon yaro guda, biyar a faɗi bakwai a tsawo. Lissafin zai yi aiki a kowace unguwa ta Madarunfa. Mata bakwai 'yan adashi ɗaya, kowacce ta saƙa biyar tsakanin la'asar da magariba cikin 'yan kwanaki, bargon suna ya samu kafin mai ciki ta sauka. Sharaɗin kawai su yarda da girman kwarashi ɗaya da ƙirga ɗaya, su kuma miƙa allurar haɗi ga wadda ta fi su natsuwa, ba wadda ta fi su sauri ba.