Rumbun da ya kusa shekara 600 a tsaye a bakin filin jirgin Landan

Duk matafiyin da ya taɓa sauka a filin jirgin saman Heathrow na birnin Landan ya wuce kusa da wani tsohon rumbun hatsi, ko da bai lura ba. A ƙauyen Harmondsworth yake, arewa da filin, kuma an gina shi ne tsakanin 1426 da 1427 domin ajiye alkama da sha'ir na gonakin makarantar Winchester.

Tsawonsa ya kai mita 58, faɗinsa ya ɗara mita 11. Layi biyu na ginshiƙan itacen oak ne ke ɗauke da rufin, sun raba cikinsa ɗaki-ɗaki har 12. Amalanke kan shiga da damman hatsi ta manyan ƙofofi, a jibge su har sama, sannan a riƙa sussuka a hankali lokacin sanyi.

Me ya sa bai faɗi ba? Amsar tana hannun masassaƙa. A wancan zamani da ɗanyen icce ake aiki, domin ya fi sauƙin sara da gatari. Sai a fafe rami a jikin wani gungume, a sassaƙa wa ɗan'uwansa harshe, a zura, a kafe su da turken icce maimakon ƙusa. A ƙasa ake fara gwada haɗin, a yi wa kowane gungume alama, kafin a ɗaga shi. Idan iccen ya bushe, ramin yakan ƙara matse harshen. Su kuwa ginshiƙan, a kan duwatsu aka ɗora su don kada laima ta ci gindinsu, dabarar da duk manomin da ya taɓa ɗora rumbu a kan duwatsu ya sani.

Manoma sun ci gaba da amfani da shi har shekarun 1970, daga baya aka bar shi yana lalacewa. A 2011 hukumar English Heritage ta saye shi fam 20,000, ta gyara rufin.

Yanzu barazanar daga filin jirgin take. A watan Janairun 2025 gwamnatin Birtaniya ta goyi bayan gina hanyar tashin jirage ta uku, aikin da zai cinye yawancin gidajen ƙauyen. Shirin bai taɓa rumbun ba, amma idan aka aiwatar da shi, zai wayi gari a gindin shingen filin, maƙwabtansa sun tashi.