Magungunan Feshi da Lafiyar Mai Juna Biyu: Jan Hankali ga Masu Noman Lambu

Gabatarwa

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu mazauna Agege, Oko-Oba da Abule Egba a Jihar Legas sun dogara ne da noman lambu, kamar alayyafo, lalo da latas. Saboda yawan ruwan sama da laima a wannan yanki, ƙwari da cututtukan ganye kan yi yawa, shi ya sa feshi ya yawaita. Sai dai akwai wanda bai taɓa taka gona ba amma feshin kan iya yi masa illa, wato jaririn da ke ciki.

Yadda illar ke faruwa

A gaban wuyan kowane mutum akwai wata 'yar halitta da likitoci ke kira tayirod, wadda idan ta kumbura ake cewa maƙoƙo. Aikinta shi ne ta yi amfani da sinadarin aidin ta samar da wani ruwa mai bin jini, wanda ke tafiyar da girman jiki da ginin ƙwaƙwalwa. Ɗan tayi ba ya fara samar da nasa sai wajen mako na 12, kuma ba ya iya wadatar da kansa sai kusan mako na 20. Kafin wannan lokaci da na mahaifiyarsa ya dogara. Don haka duk abin da ya rage wa uwa wannan ruwa a farkon ciki yana iya rage wa yaro kaifin fahimta, alhali a lokacin wata ma ba ta san tana da ciki ba.

Abubuwan da ya kamata a kula da su

1. Mancozeb, maganin cutar ganye. Yakan rikiɗe ya zama wani sinadari mai hana tayirod aiki. Tarayyar Turai ta ƙi sabunta izininsa a 2020.
2. Chlorpyrifos, maganin ƙwari. Binciken Jami'ar Columbia ta Amurka na 2011 ya nuna cewa yaran da ya fi shiga jikinsu tun suna ciki sun fi raunin riƙe karatu a shekara 7. A 2023 hukumar NAFDAC ta sanar da haramta shi.
3. Gammalin 20 da DDT. An haramta su a aikin gona, amma sukan daɗe a ƙasa da kitsen jiki, su kuma kai ga jariri ta mahaifa da nono.
4. Takin zamani mai yawa kusa da rijiya. Sinadarinsa na naitiret kan gangara cikin ruwan sha, ya hana tayirod ɗaukar aidin. Rogon da bai jiƙu sosai ba shi ma yana yin haka.

Shawarwari ga manoma

1. Kada mai ciki ko mai shayarwa ta haɗa magani, ko ta yi feshi, ko ta shiga lambu ranar da aka fesa.
2. Mai feshi ya yi wanka kafin ya shiga gida, ya kuma wanke tufafin aikinsa da kansa.
3. Kada a ajiye magani a ɗakin kwana ko madafa, kuma kada a zuba ruwa ko mai a galan ɗinsa.
4. A kiyaye kwanakin jira tsakanin feshi da girbi kamar yadda aka rubuta a jikin kwalba.
5. A sayi mai lambar rajistar NAFDAC kaɗai.
6. A riƙa dafa abinci da gishiri mai aidin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa mai ciki maikirogiram 250 a kullum.
7. A fara zuwa awon ciki da wuri, a kuma shaida wa ma'aikacin lafiya irin maganin da ake fesawa.

Ga malaman gona

Ana shawartar malaman gona da su isar da wannan saƙo ta hannun sarakunan Hausawa, limamai da makarantun Islamiyya na matan aure, domin mata ne ke wanke ganye da tufafin aiki. A kuma koyar da tsabtace lambu, sauya shuka da feshin ruwan 'ya'yan darbejiya don rage dogaro da magani. Rigakafi ya fi magani.