Littafin leƙen asirin da bai yi wa wasu Amurkawa daɗi ba

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa aika kuɗi ta hannun wani, ko ya ba wata ƙungiya zakkarsa, to wannan labari ya shafe shi.

A shekarar 2008 ne marubucin nan na Ingila, John le Carré, ya fitar da littafinsa mai suna A Most Wanted Man, wato mutumin da ake nema ruwa a jallo. Shi kansa marubucin tsohon ɗan leƙen asiri ne, kuma ya taɓa aiki a Hambug ta ƙasar Jamus, inda labarin ya gudana. A birnin nan ne Muhammad Atta ya zauna kafin harin 11 ga Satumban 2001, abin da ya bar jami'an tsaron Jamus da jin kunya.

Labarin wani saurayi ne, Isa, da ya shigo Hambug ba takardu, duk jikinsa tabon azabar kurkuku. Uwarsa 'yar Checheniya ce, ubansa kuwa kanar ne na sojan Rasha da ya tara dukiya ta hanyar zalunci, ya ɓoye a wani banki. Isa ya ce kuɗin haram ne, ba zai ci ba. Burinsa ya karanta likitanci.

Nan 'yan leƙen asirin Jamus suka ga ƙofa. Suka shirya a miƙa dukiyar ga Dakta Abdullahi, malamin da ke rarraba sadaka, wanda suke zargin wani ɗan kaso na abin da ke bi ta hannunsa yana zurarewa zuwa ga 'yan ta'adda. Niyyarsu su kama shi dumu-dumu, sannan su maida shi ɗan rahotonsu. Ana cikin haka Amurkawa suka faɗo da mota, suka yi awon gaba da malamin, har da Isa da bai ci nanin ba.

Ƙarshen nan ne ya jawo ce-ce-ku-ce. Wasu masu sharhi a Amurka sun ce marubucin ya bar fushinsa da yaƙin Shugaba Bush ya rinjayi alƙalaminsa, ya zana Amurkawa tamkar 'yan fashi. A ganina ba a yi masa adalci ba. Ai Murat Kurnaz, Baturken da aka haifa a Jamus, ya shafe sama da shekara huɗu a Gwantanamo, aka sake shi a 2006 ba tare da an gurfanar da shi ba.

An maida littafin fim a 2014. Philip Seymour Hoffman, wanda ya fito a matsayin jami'in Jamus ɗin, ya rasu a Fabrairun shekarar, kafin fim ɗin ya shiga gidajen silima. Shi kuma le Carré ya rasu a Disamban 2020.