Girka Manhajar Tantance Ƙasa Domin Gonakin Waƙafi

Gonar waƙafi ba a sayar da ita, ba a kyautar da ita, ba a kuma gadonta. Saboda haka wajibi ne mai kula da ita ya san abin da ƙasar za ta iya bayarwa tun kafin a ba da ita haya ko a zuba mata kuɗin al'umma. Wannan shi ne aikin tantance ƙasa.

Ƙa'idar da ake bi ita ce wadda Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 1976: ba a cewa ƙasa tana da kyau kawai, sai a faɗi abin da ta dace da shi. Jigawar da ta karɓi gero da gyaɗa ba za ta karɓi shinkafa ba, fadama kuwa akasin haka. Manomi ya daɗe da sanin wannan. Abin da manhaja ta ƙara shi ne haɗa bayanan ruwan sama, zurfin ƙasa da gangarenta a kan taswira ɗaya.

Manhajar QGIS kyauta ce, kuma ana sa ta a kwamfutar kowane ma'aikaci. Amma bayanan, a wuri ɗaya ya kamata su zauna: uwar garke mai ɗauke da rumbun PostgreSQL da ƙarin PostGIS, wadda sauran kwamfutocin ofis ke haɗuwa da ita. Dalili kuwa, idan fayil guda aka ajiye kowa yana buɗewa, mutum biyu na iya gyara iyakar gona ɗaya a lokaci guda, aikin na ƙarshe ya shafe na farko ba tare da kowa ya lura ba. A rumbu, kowa da sunansa da kalmar sirrinsa. Jami'in fili yana shigar da awo, akawu yana dubawa kawai, sauya iyaka kuwa a hannun mutum ɗaya ko biyu ake barinsa. Wasu kan ɗauki wannan rashin yarda ne, alhali kariya ce ga ma'aikacin kansa ranar da magada ko maƙwabta suka tayar da rigimar iyaka.

Akwai tarkon da ya kamata a sani. Tsofaffin takardun safiyo a Najeriya an auna su ne bisa ma'aunin Minna, na'urar GPS kuwa tana amfani da WGS 84. Idan ba a gaya wa manhaja wanne ne wanne ba, iyaka na iya gusawa da gomman mitoci, gonar marayu ta hau ta maƙwabci a taswira.

Sai batun wuta. Uwar garke na buƙatar batirin da zai riƙe ta idan an ɗauke lantarki, sannan a riƙa kwafar rumbun kullum, a ajiye kwafi ɗaya a wani gini daban.