Kwana 16 da kaya a baya: tafiyar ƙasa a tsaunukan Korsika

A cikin tekun Bahar Rum akwai wani tsibiri na ƙasar Faransa da ake kira Korsika. Ƙasa ce ta duwatsu da kwazazzabai. Tsaunin da ya fi kowane tsawo a can, Monte Cinto, ya kai metir 2706, wato ya ɗara dutsen Bagzan na Abzin da kusan metir 700. A kan waɗannan tsaunuka ne aka fitar da wata hanyar ƙafa mai suna GR20, wadda ake lissafawa cikin mafi wuya a nahiyar Turai. Kowace shekara dubban mutane, maza da mata, suna goya kayansu su kama ta. Da yawa daga cikinsu ba su ganin ƙarshenta.

Hanyar ta tashi daga ƙauyen Calenzana a arewa, ta ƙare a ƙauyen Conca a kudu. Tsawonta wajen kilometir 180 ne, bai ma kai nisan Maradi zuwa Damagaram ba. Amma an kasa ta zango 16, kuma in aka tara hawan da matafiyi zai yi daga farko zuwa ƙarshe, ya zarce metir dubu 10. Don haka masu bin ta suke auna tafiyarsu da awa maimakon kilometir. A yankin arewa akwai zangon da bai cika kilometir 10 ba, amma yana cin awa 7.

An shata hanyar a farkon shekarun 1970, bisa aikin wani masanin tsaunukan tsibirin mai suna Michel Fabrikant. Hukumar gandun dajin Korsika, wadda aka kafa a 1972, ita ce ke kula da ita. Alamar hanya fenti ne ja da fari da aka shafa a jikin duwatsu da itatuwa. Wanda ya yi tafiya mai ɗan tsawo bai ga wannan alama ba, to ya ɓace, sai ya juya ya nemi ta ƙarshe da ya wuce.

Kayan baya

Babu jaki, babu raƙumi. Abin da mutum zai ci, da abin da zai rufa, da abin da zai sha, duk a bayansa suke. Masana tafiya suna ba da shawara kada nauyin jikka ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ita. Mai kilo 70 ke nan kada ya ɗauki fiye da kilo 14. A cikin wannan awo za a shigar da tanti, da bargon kwana, da rigar ruwa, da rigar sanyi, da magunguna, da guzuri. Ruwa kansa kaya ne, domin kowane litir kilo guda ne cif.

Ranar farko ita ce ke tona asirin mai kwaɗayin kaya. Daga Calenzana ana hawan fiye da metir 1200 kafin a kai masaukin Ortu di u Piobbu. Kilo biyun da aka raina a gida, da azahar sun zama dutsen niƙa. Kafaɗa ta ɗauki zafi, numfashi ya yi sama. Sai dai tsofaffin matafiya sun fi tsoron gangara, domin ita ce ke cin gwiwa. Sabon takalmi kuma yana fitar da bororo a diddige, kuma ƙaramin bororon da ba a kula da shi ba yana iya mai da ƙato gida a rana ta uku.

Sammako

Masaukai suna aiki ne daga wajen watan Yuni zuwa ƙarshen Satumba. A farkon Yuni ana tarar da sauran ƙanƙara kwance a manyan mashigai. A Yuli da Agusta kuwa rana ce ke gasa dutse, kuma sau da yawa hadari yana haɗuwa bayan azahar. A kan tsauni babu wurin fakewa. Aradu tana neman abin da ya fi tsawo, mutum kuwa a tsaye yake a ƙololuwa. Dutsen da ruwa ya jiƙa yana zama santsi kamar sabulu. Saboda haka ake tashi tun da asuba, a kunna fitilar goshi, a kama hanya, don a sauka zango kafin sama ta canza fuska.

A wurare da dama tafiyar ta koma rarrafe. Ana kama dutse da hannu biyu, ana jan jiki da sarƙoƙin da aka kafa a jikinsa. Kusa da masaukin Carrozzu akwai gadar Spasimata, siririya, a rataye bisa kwazazzabo, tana lilo da mai tsallaka ta. Wanda jiri ke ɗauka in ya leƙa rijiya, ya kamata ya yi shawara da zuciyarsa tun bai baro gida ba.

Zango da dare

Doka ta hana kafa tanti ko hura wuta a inda mutum ya ga dama, domin gobarar daji babbar masifa ce a tsibirin. Kwana sai a masauki ko a filin da ke gefensa, kuma ana kama wuri tun da wuri ta intanet. Mai tsaron masauki yana sayar da abinci mai zafi, amma da tsada, tun da a bayan alfadari ko a jirgi mai saukar ungulu ake kai kayan. Makiyayan tsauni kuma suna sayar da cuku a wasu mashekaransu.

Dare ma da nasa aiki. Ɗaki ɗaya ne mutane da yawa ke kwana a jere, ga minshari, wani lokaci ga kuɗin cizo. A waje kuwa yanyawa da aladun da ke kiwo sake suna yaga tanti in sun ji ƙanshin abinci. Ruwan wanka sau da yawa mai sanyi ne. Haka mutum zai wanke safarsa, ya duba ƙafafunsa, ya cika gorarsa, ya kwanta da sanin gobe ma haka za a yi. A ƙarshen bazara wasu idanun ruwa suna ƙafewa, don haka mai hankali yana tambayar mai tsaron masauki inda zai sami ruwa a gaba.

Darasin 2015

Ranar 10 ga Yuni 2015 hadari mai ƙarfi ya sauka a wani kwari mai zurfi da ake kira Cirque de la Solitude, wanda a lokacin shi ne wurin da ya fi suna a hanyar. Ƙasa da duwatsu suka zabtare a kan matafiyan da ke ciki, mutum 7 suka rasa rayukansu. Bayan haka hukuma ta janye hanyar daga wurin. Yanzu ana bi ta Pointe des Éboulis, mai tsawon metir 2607, kusa da Monte Cinto, kuma nan ne wuri mafi bisa a dukan tafiyar. Jandarmomin tsauni suna kai ɗauki da jirgi ga wanda ya karye ko ya yi targaɗe, amma jirgi ba ya tashi cikin hazo da guguwa.

A tsakiyar hanya akwai Vizzavona, inda jirgin ƙasa ke tsayawa. Nan ne mutane da yawa ke ajiye sanda, wasu don haka suka shirya tun farko, wasu don gwiwa ta ƙi. Babu abin kunya a ciki. Yankin kudu ya fi sauƙin taki, ko da yake zangonsa sun fi tsawo, kuma yana nan yana jiran wata shekara.

Gwanayen gudu sun nuna abin mamaki a wannan hanya. A 2016 François D'Haene ya gama ta cikin awa 31 da ƴan mintoci, a 2022 kuma Anne-Lise Rousset ta gama cikin ƙasa da awa 36. Amma waɗannan ba da jikka mai nauyi suke gudu ba, kuma akwai masu tarbonsu da abinci. Ga sauran jama'a tafiyar ta mako biyu ce. Waɗanda ke isa Conca galibi su ne waɗanda suka rage kaya, suka yi sammako, suka kuma yarda su ƙara kwana a zango ranar da hadari ya haɗu. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.