Gero Bai Yi Laifi Ba: Ciwon Suga da Awon Jini a Ƙasar Gumel

Duk ranar da aka shaida wa mutum a Gumel ko Maigatari cewa yana da ciwon suga, kafin ya iso gida daga asibiti masu ba da shawara sun riga shi. Wannan ya ce ya rabu da tuwon gero, wancan ya ce fura ta haramta gare shi har abada, wata gwaggo kuma ta yanke hukunci cewa daga yau sai acca da tuwon alkama. A ƙasar da gero da dawa da wake ne ke cika rumbu, daga Gagarawa har Sule Tankarkar, wannan hukunci ne mai nauyi. Acca daga can wajen Filato ake kawo ta, kuɗinta kuma ba na talaka ba ne. Sai majinyaci ya yi wata guda yana ƙoƙari, aljihu ya gaza, ya fid da rai, ya koma cin duk abin da ya samu kamar ba a taɓa gaya masa komai ba.

Abin takaicin shi ne yawancin wannan wahala ba ta da tushe.

Kusan duk abincin da ake yi da hatsi ko rogo ko dankali, idan ya shiga ciki, jiki yana narkar da shi ya mai da shi suga, suga ya shiga jini. Akwai wata gaɓa kwance a bayan tumbi, likitoci na kiranta fankiriyas, ita ke fitar da sinadarin insulin. Aikin insulin kamar na mai riƙe da mabuɗin rumbu ne: shi ke buɗe ƙofa suga ya bar jini ya shiga tsoka da hanta, a yi aiki da shi ko a adana. A nau'i na biyu na ciwon suga, wanda shi ne ke damun fiye da mutum 90 cikin kowane 100 masu cutar, jiki yana daina jin kiran insulin sosai, gaɓar kuma ta yi ta ƙoƙari har ta gaji. Suga ya taru a jini, ya yi shekaru yana cin jijiyoyin ido da ƙoda da zuciya da ƙafa a hankali, mutum yana harkokinsa bai sani ba. Yawan fitsari da dare, ƙishirwar da ba ta yankewa, rama ba dalili, gyambon da ya ƙi warkewa, duk sukan zo ne bayan cutar ta daɗe da zama.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu ciwon suga sun tashi daga kimanin miliyan 200 a shekarar 1990 zuwa miliyan 830 a 2022, kuma fiye da rabinsu ba sa shan magani. A nan gida, Farfesa Andrew Uloko na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da abokan aikinsa sun tattara binciken da aka yi a sassan Najeriya suka wallafa a 2018. Sun sami kusan mutum 6 cikin 100 a faɗin ƙasa, Arewa maso Yamma kuma ita ce mafi ƙaranci, da mutum 3 cikin 100. Amma kada wannan ya sa a saki jiki. Binciken da Dakta Anas Sabir da abokan aikinsa suka yi a Sakkwato ya nuna cewa a tsakanin Fulanin karkara masu cutar ba su kai 1 cikin 100 ba, alhali a tsakanin Fulanin birni sun kusa 5 cikin 100. Jini ɗaya ne, abin da ya bambanta shi ne abinci da zirga-zirga.

Wannan sauyi kuwa ya riga ya iso arewacin Jigawa. Wanda ya shiga kasuwar Maigatari ranar Alhamis zai ga dillalan shanu da raƙuma daga Najeriya da Nijar, zai kuma ga abin da suke karyawa da shi: shayi mai kauri da madarar gwangwani, rabin burodi, indomi da ƙwai, da rana kuma lemon kwalba mai sanyi saboda zafi. Tafiyar da kakanni ke yi a ƙafa yanzu babur ke yin ta. Ma'aikacin ƙaramar hukuma ko malamin Kwalejin Ilimi ta Gumel yana iya yini a zaune, amma malmalar tuwonsa ta dare girmanta ɗaya da ta manomin da ya yini yana huɗa.

To, ina matsayin gero? A 2021 masu bincike ƙarƙashin jagorancin cibiyar ICRISAT, wadda ke da ofishi a Kano da tashar bincike a Sadore kusa da Yamai, sun haɗa sakamakon gwaje-gwaje da dama kan gero da dawa da danginsu. Sun gano cewa waɗannan hatsi ba sa ɗaga sugan jini da sauri kamar farar shinkafa da fulawa, kuma masu ciwon suga da suka lizimci cin su sun sami raguwar suga kafin cin abinci da bayansa. Wato abin da ake cewa majinyacin Gumel ya guje masa ya fi burodin da yake komawa gare shi. Shi kuma tuwon alkama da aka ɗauka magani ne, sitaci ne kamar sauran, idan aka cika kwano da shi suga zai hau.

Sai dai gero ma yana da sharaɗi, kuma a nan ne ya kamata uwargida ta saurara da kyau, domin a hannunta maganar take. Dusar da ake surfewa a ba awaki, ita ce ke rage saurin narkewar hatsi a ciki. Gwargwadon yadda aka surfe hatsi tas, aka niƙa shi luƙui, aka tace, aka dama shi ruwa-ruwa, gwargwadon yadda zai yi saurin zama suga a jini. Shi ya sa koko da kunun da aka tace aka zuba wa sukari suka fi tuwo haɗari, dambu da tsaki kuma suka fi gari mai laushi sauƙi. Fura da nono marar sukari, ludayi kaɗan, ta sha bamban da ƙwarya guda da aka zaƙaƙa da sukari aka shanye a tsaye. A rage surfe, a bar gari da ɗan gauri, a gauraya da wake inda ya dace. Ɗanwake da aka yi da garin wake da dawa, ba zallar fulawa ko rogo ba, alale, ƙosai ba mai shan mai sosai ba, dafaffen wake da alayyafo, duk abinci ne da likita zai yi na'am da su.

Sannan akwai yawa. Ma'aikatan lafiya sukan ce a raba faranti: rabi ganye, kashi ɗaya cikin huɗu nama ko kifi ko ƙwai ko wake, sauran kashi ɗayan tuwo ko shinkafa. A gidan da ake ci a kwano ɗaya, wannan yana nufin mai ciwon a zuba masa nasa daban, malmala ɗaya da ba ta wuce dunƙulen hannunsa ba, miya kuma ta fi tuwon yawa. Ƙasar Gumel ba ta rasa ganye ba: kuka, kuɓewa, karkashi, lalo, yakuwa, rama, tafasa, zogale. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli kafin tuwo yana cika ciki, yana kuma rage saurin hawan suga. Gyaɗa da riɗi, waɗanda ake lodin su a manyan motoci ana fita da su, suna ƙosarwa ba tare da sun ɗaga suga sosai ba, in dai ba a mai da su kantu da sukari ba.

Inda babu sassauci shi ne abin sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babba ke sha a yini ya wuce kimanin giram 50, wato cokalin shayi 12, kuma rabin haka ya fi. Robar lemo guda mai rabin lita tana iya ƙunsar cokali 10 ko fiye. Zoɓon da Jigawa ta yi suna wajen nomawa ba shi da laifi a kan kansa, sukarin da ake juye masa ne matsalar. Zuma, mazarƙwaila, rake da lemon malt da ake kai wa marar lafiya dubiya duk suna ɗaga suga, ko da ana ganin su a matsayin masu gina jiki.

Duk wannan bayani na kowa da kowa ne, jiki kuwa kowa da nasa. Mutum biyu za su ci tuwo iri ɗaya, sugan ɗaya ya tsaya a 150, na ɗayan ya haura 250. Wanda zai raba gardama shi ne na'urar auna suga, 'yar ƙarama da ke shiga aljihu, ana samun ta a manyan kyamis. A wanke hannu da sabulu a bushe shi, domin ɗanɗanon dabino ko mangwaro a yatsa kaɗai yana iya ba da lamba ta ƙarya. A soki gefen yatsa, a ɗiga jini a kan 'yar takardar gwajin, cikin daƙiƙoƙi lamba ta fito.

Lambobin da ya kamata a riƙe ba su da yawa. Wanda ya kwana bai ci komai ba aka auna shi a asibiti aka sami 126 ko fiye, aka kuma maimaita aka sami haka, yana da ciwon suga. Tsakanin 100 da 125 gargaɗi ne. Ga wanda ya riga ya kamu, abin da likitoci suka fi nema shi ne 80 zuwa 130 kafin cin abinci, da ƙasa da 180 awa biyu bayan fara ci, ko da yake likita na iya sassauta wa tsoho ko ya tsaurara wa mai juna biyu. Wasu na'urorin suna nuna ƙananan lambobi irin 7 ko 10, saboda ma'auninsu daban ne. A ninka lambar sau 18 sai ta koma irin ta farko: 7 ita ce 126, 10 kuma 180.

Takardun gwajin suna da tsada, wannan gaskiya ce da ba a ɓoye ta. Mai allurar insulin ba shi da zaɓi, dole ya riƙa aunawa kullum yadda likita ya tsara masa. Amma wanda ke kan ƙwayar metformin kaɗai yana iya yin dabara: ya zaɓi abinci ɗaya, ya auna kafin ya ci, ya sake aunawa bayan awa biyu, ya rubuta a littafi abin da ya ci da yawansa. Wannan makon tuwon dawa, mako mai zuwa fura, na gaba shinkafa da wake. Cikin wata biyu zai san abincin gidansa fiye da duk mai ba shi shawara a bakin titi, likita kuma zai sami abin dubawa idan ya koma Babban Asibitin Gumel. Haka nan zai ga da idonsa yadda tafiyar minti 15 bayan tuwon dare ke sauko da lambar. A kula da ajiya: zafin Afrilu da Mayu a wannan yanki yana haura digiri 40, yana kuma lalata takardun gwaji da insulin. A rufe kwalbar takardun da kyau a ajiye a inuwa, kada a bar ta a aljihun babur. Inda babu firji, akan sa insulin a leda a ajiye a jikin randa mai sanyi.

Akwai kuma gwajin da ake kira HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku, kuma ga yawancin manya ana son ya kasance ƙasa da kashi 7. Mai sikila ko ƙarancin jini ya gaya wa likita, domin waɗannan suna iya karkatar da sakamakon.

Faɗuwar suga ta fi hawansa saurin kisa, kuma ita ce iyalai suka fi jahilta. Mai shan ƙwayar glibenclamide ko mai allurar insulin da ya sha magani ya tafi gona bai karya ba, zai iya fara rawar jiki, gumi, jiri, ya rikice kamar mai aljanu. Idan lamba ta sauka ƙasa da 70, a ba shi cokalin shayi 3 ko 4 na sukari a ruwa nan take, a sake aunawa bayan minti 15. Idan ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya asibiti. Da azumi ma haka ne: ƙa'idojin da likitoci suka tsara tare da shawarar malamai sun ce a karya idan suga ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, kuma sukar yatsa don awo ba ta karya azumi. Mai ciwon ya ga likitansa tun cikin Sha'aban a gyara masa lokutan magani, ya kuma yi hattara da kunun buɗa-baki.

Shin ana rabuwa da cutar? Wani gwaji da Farfesa Roy Taylor da Farfesa Mike Lean suka jagoranta a Birtaniya, aka wallafa a 2017, ya nuna cewa kusan rabin masu ƙiba da ba su daɗe da kamuwa ba, da aka sa su cikin shirin rage nauyi ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya, bayan shekara guda an sami sugansu ya daidaita ba tare da magani ba. Wannan lafawa ce, tana iya dawowa idan ƙiba ta dawo, kuma da yawan majinyatan karkara ba masu ƙiba ba ne. Masu yawo da lasifika a kasuwa suna alƙawarin jiƙon da zai kori suga cikin kwana bakwai kuwa, babu wanda aka tabbatar da nasa. Wanda ya ajiye maganin asibiti saboda su yakan dawo da ƙodar da ta lalace ko ƙafar da sai an yanke a Dutse ko Kano. Ƙafar nan a riƙa duba ta kowane dare, kada a taka rairayi mai zafi ko gona ba takalmi, domin jijiyar da suga ya kashe ba ta jin ƙaya.

Hukumomin lafiya na ƙananan hukumomin nan huɗu, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, da masarautar Gumel suna da aikin da ba zai ci kuɗi mai yawa ba: tebur ɗaya da ma'aikaci da na'ura a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, da ƙofar masallatan Juma'a, ba sai an jira ranar 14 ga Nuwamba ta ciwon suga ta duniya ba. Kafin su yi, duk wanda ya kai shekara 40, ko yake da teɓa ko hawan jini, ko mahaifinsa ko mahaifiyarsa sun yi cutar, ko macen da ta haifi jaririn da ya haura kilo 4, ya je asibiti mafi kusa da sassafe kafin ya karya, ya ce a auna masa suga.